Rantsuwar Aro ta Clifton Rusk

Da hantsi aka kira Sufeto Mulvaney zuwa wani kamfanin fim a Hollywood, wai an yi wa Verna Halloway sata. Verna kuwa ita ce jaridu ke yi wa kirari da salihar Amurka, wadda ko a fim ba ta yi wa namiji kallo biyu.

"Me aka ɗauka, Madam?"

Sai da ta rufe ƙofar ɗakin kwalliyarta sannan ta amsa. "Wasiƙu ne daga Otis, mai faɗowa daga doki a madadin jarumai. Shekara uku muna tare, kuma ba hira kaɗai muke yi ba. In suka fita, korata za a yi, haka yake a kwantiragina."

"Ni na zaci jarumin nan Clifton Rusk za ki aura."

"Baikon jarida ne, kamfani ya haɗa. Shekaranjiya na ce masa na gaji da wasan."

Mulvaney ya duba aljihun teburin da take ajiye wasiƙun. Ba fasawa aka yi ba, da makulli aka buɗe. Mai yi wa Verna kitso ta yi ta rantsuwa ba wanda ya shigo, amma da ta ji an ambaci caji ofis, nan take ta tuna Clifton ya ari makulli jiya.

Ya sami gogan cikin kayan kaboyi, ana shafa masa hoda.

"Me ka shiga yi ɗakin Verna jiya?"

Clifton ya miƙe, ya dafe ƙirji, murya na rawa. "Ni? Ni da uwata ta rene ni da wankau? A sare hannun nan in ya taɓa kayan wani!"

Dariya ta kusa ƙwace wa Mulvaney. Maganar nan daga wani tsohon fim ɗin Clifton take, sau huɗu matar Mulvaney na jansa kallonsa.

"Saura ka ce, 'Allah ne shaidata,' ka juya wa kyamara baya. Haba Mista Rusk, ƙaryar ma sai an rubuta maka?"

Clifton ya sunkuya ya zaro wasiƙun daga cikin takalminsa.

"Ba tona mata asiri zan yi ba, tsorata ta nake son yi. In ta fasa baikon, 'yan jarida za su fara bin motata. Ni kuwa duk Laraba a gidan mai kamfanin nan nake wuni."

"To sai me?"

"Ran Laraba ba ya gida. Matarsa ce ke nan."

Ashe kura ce ke ce wa kare maye. Mulvaney ya aika wa Verna wasiƙunta ko ɗaya bai buɗe ba, ya ɗaura wa Clifton ankwa.

"A rahoto zan rubuta ka saci takardu. In alƙali ya tambaya, ka ce na koyon girki ne. Ka ce wasiƙu, ni kuma in ce Laraba."

"Na girki ne, ranka ya daɗe," in ji Clifton, tun kafin su kai mota.