Wushiryar Keziya

A ƙofar coci a Kafanchan Levi ya fara ganin Keziya, tana dariya da ƙawayenta bayan sujada. Wushiryarta ce ta tsayar da shi cak. Manomin citta ne daga Nok, yayarsa ya zo gayarwa, amma tun ranar bai sake rasa dalilin shigowa gari ran Lahadi ba.

"Mai Wushirya," yake kiranta. Ita kuma ta ce masa, "Sarkin Citta."

Maman Keziya ba ta so ba. "Malamar makaranta guda, ki koma ƙauye shanyar citta? Ga Jason yana aikin banki a Jos."

Abin da Levi bai sani ba, naman da ya haɗa leɓenta na sama da dasashi yana jan haƙoran, har dasashin kan yi jini. Da aka tura ta koyarwa Jos, likita ya sa mata wayar gyaran haƙori. Ta kasa gaya wa Levi. A hoto ya gani, kuma aka ce Jason ne ya kai ta asibitin.

Ya rubuta mata: "Abin da na fi so kika rufe saboda wani. Na gane."

Ba ta amsa ba.

Damina ta wuce, wata ta zo. Levi yana gona, hankalinsa yana Jos. Sau nawa ya rubuta "Yaya kike?" ya goge. Ko ya shigo Kafanchan, sai ya kauce wa layin gidan su Keziya.

Wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Saƙon Keziya ne.

"Levi, haƙoran sun haɗu. Gobe za a yanke ɗan naman nan, don kada su sake buɗewa. Allurar kashe zafi ce da ɗinki kaɗan, daga nan zan dawo gida in huta. Kowa na cewa ba komai, amma tsoro nake ji. Jini suke yi mini tun da, shi ya sa. Kai kaɗai na tuna."

Da ta dawo Kafanchan, Levi ya iso da kwanon faten acca, ya huce, babu barkono. Dama ya riga ya tambayi wata nas abin da mai ɗinki a baki zai iya ci.

Keziya na zaune da kofin ruwan gishiri mai ɗumi, leɓenta a kumbure. Ta sa hannu ta rufe baki.

"Kar ka kalle ni."

"Na yi shekara ban kalle ki ba. Ki bar ni."

"Jason rage mini hanya ya yi, sau ɗaya," ta faɗa a hankali. "Ni kake so, ko ramin haƙori?"

Ya sunkuyar da kai. "Kina ciwo, ni ina lissafin kyau. Ki yafe mini, Keziya."

"Kar ka sa ni kuka, ɗinkin zai ja."

Mama, da ke tsaye bakin ƙofa, ta buɗe kwanon ta ɗanɗana. Ta daɗe tana kallon Levi.

"Yarona," ta ce, "ka gaya wa iyayenka su zo."

Bayan girbi aka ɗaura auren. Mama da kanta ta riƙo hannun Keziya ta sa a na Levi.

"Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku," ta ce.

Ikilisiya duka ta amsa, "Amin."