Sa'adatu da Makarantar Kyauta

Wata ranar Asabar ce a shekarar 1971, ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba. Inna Hasiya na tuƙa tuwon masara a ɗan kicin ɗinsu na unguwar Flatbush da ke Brooklyn, sai ta ji mai gidan ya doki tebur a falo.

"Ba za ki je ba, na ce!"

Malam Shitu ke nan, direba a ofishin jakadancin Najeriya da ke New York. Wadda yake wa tsawa kuwa 'yarsa ce tilo, Sa'adatu, tana durƙushe a gefen kujera. Yarinyar tun tana ƙarama likita take son zama. A ƙasar nan kuma sai mutum ya yi jami'a shekara huɗu tukuna, sannan ya nemi makarantar likita, wadda ita ce mai cin kuɗin gaske. Jami'a biyu suka ɗauke ta. Ɗaya ta gwamnatin birni ce, 'yan gari ba sa biyan ko sisi. Ɗaya tana Boston, ga suna, ga tsada kamar me.

"Baba, ta nan ɗin ma tana da kyau, wallahi. Kuma kyauta ce..."

"To ai shi ne! Kyauta! Ni Shitu, da raina da lafiyata, 'yata ta je ta ci sadaka? A garinmu wa ake ba abu kyauta in ba miskini ba? So kike a ofis a riƙa nuna ni da baki?"

"Ba sadaka ba ce, Baba, harajin mutanen gari ne."

"Ke za ki gaya mini sadaka? Boston za ki. Gonar Kura zan sayar."

Muciya ta tsaya cak a hannun Inna. Gonar Kura gadon Malam Shitu ce, ƙanensa Haruna ke nomawa, da ita ake ci da tsohuwarsu da marayun gidan.

"Malam," Inna ta leƙo, "in ka sayar, Iya ta ci me?"

"Koma ga tuwonki, Hasiya."

Abin da ya sa maganar ta yi wa Sa'adatu nauyi, bayan faɗan uba, shi ne Mamuda. Ɗan babban jami'in da Malam Shitu ke tuƙawa ne, tare suka taso, tare suka yi burin likitanci, iyaye kuma sun san da maganarsu. Shi ma Boston ɗin ta ɗauke shi. Da a ce za ta bi zuciyarta, ai da tuni ta haɗa akwati.

Washegari ita da Mamuda suka hau jirgin ruwan nan mai zuwa tsibirin Staten Island, inda suka saba zance, suna jingine da ƙarfe, iska na kaɗa mata gyale.

"Sa'a, ki ga yadda Allah ya shirya mana," in ji shi yana dariya. "Aji ɗaya, laburare ɗaya. Ni in ci jarrabawa, ke ki kwafa."

"Kai dai ka kwafa." Ta yi murmushi, sai murmushin ya ɓace. "Mamuda, ba zan je ba."

"Wasa kike."

"In an sayar da gona an biya shekara huɗun nan, da me za a biya makarantar likita? In tsaya a tsakiyar hanya, ba gona, ba likitanci? Ga Iya da marayu."

"Haba, Sa'a! Sai Dadi ya taimaka mana. Wane abu ne mai wuya?"

"In shiga gidanku a 'yar direban da aka biya wa makaranta? Har in mutu ba zan ɗaga ido in kalli Hajiya ba."

"Wato girman kanki ya fi ni?"

"Ba girman kai ba ne. Ka jira ni, Mamuda. Boston ba bangon duniya ba ce."

"Oke," ya ce, ya juya yana kallon ruwa.

Ta shiga jami'ar birni. Kada wani ya ce muku abu ne mai sauƙi. Malam Shitu ya yi watanni ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. A wani taron suna, Hajiya Mariya, uwar Mamuda, ta dubi Inna a gaban mata ta ce, "Ashe ta kyautar taku ta shiga? To, Allah ya sa albarka. Namu dai yana can inda 'ya'yan manya suke." Inna ta haɗiye, sai da suka dawo gida ta shige banɗaki ta saki famfo don kada a ji kukanta. Sa'adatu ta ji.

Amma abin da ya fi cin ta shi ne shirun Mamuda. Kullum da sassafe tana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, a tsaye, littafi a hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da maɗauri. Duk saurayin da ta hango daga baya mai irin tsayinsa sai gabanta ya faɗi. Ranar Lahadi ta kan zauna kusa da tarho, wai tana karatu. In ya yi ƙara ta zabura, sai ta ji ana neman Baba ya je filin jirgi ɗauko baƙi. Da sallah kaɗai Mamuda ke bugowa.

"Barka da sallah, Sa'a. Ya karatu?"

"Lafiya lau. Ya sanyi a can?"

"Da sauƙi. A gai da su Inna."

Shi ke nan. Ta daɗe riƙe da kan tarhon bayan ya ajiye, tana sauraron ƙugin banza. Wani lokaci ta hau jirgin ruwan ita kaɗai, ta tsaya daidai inda suka saba tsayawa, ta je ta dawo ba ta sauka ba.

Manema sun zo, har da wani ɗan Zinder mai aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya, kamili, mai hali. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, wanda ba ya nemanki sai sallah-sallah, shi za ki tsufa kina jira?"

"Inna, fushi yake. Bai ce ya fasa ba."

"Ya ce yana nan?"

Sa'adatu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan littafi.

Shekara huɗu suka cika. Ta fito da sakamako mai kyau, wata makarantar likita a nan Brooklyn ta ɗauke ta, har da tallafi. Abin da ya rage, ɗan tanadin Malam Shitu ya isa. Ranar da ya fahimci haka sai ya ce, "Uwata, zo nan. Allah ya yi miki albarka. Kin fi ni hangen nesa." Rabonta da jin ya kira ta uwata tun kafin rigimar.

A shekarar ce kuma aka yi wa ma'aikata da yawa ritayar farat ɗaya a gida Najeriya, abin ya rutsa da mahaifin Mamuda. Suka tattara suka koma Kaduna cikin gaggawa. Sallah ta zo, tarho bai yi ƙara ba. Ta biyu ma haka.

Wata rana da hantsi, Sa'adatu na biye da malaminsu a barandar asibiti sanye da farar riga, sai ga wani ma'aikaci ya turo wani tsoho a keken marasa lafiya. Tana ganin kafaɗun ma'aikacin ta gane shi. Shi ma ya gan ta, ya yi maza ya kau da fuska.

"Mamuda!"

Sai da ya kai tsohon ɗaki ya fito ya same ta tana jira a bakin ƙofa.

"Tun yaushe kake garin nan?"

"An kwana biyu." Bai ɗago ba. "Na gama, Sa'a, na kuma ci. An ma ɗauke ni makarantar likita. Sai dai abin da Dadi ya tara duk Boston ta cinye, ga ritaya ta zo. Shi ne nake wannan aikin ina tarawa."

"Kana gari ɗaya da ni, ka kasa zuwa?"

"In zo da wace fuska? Kin gaya mini gaskiya a jirgi, na ce girman kai ne. Ki kalle ki, ki kalle ni."

"Na kalla. Ka rame, kuma har yanzu ba ka iya guga ba. Shekara biyar ina zama kusa da tarho kamar mahaukaciya. Kana zaton sunan makaranta nake jira?"

Nan ya rufe fuska da tafin hannu, ƙato da shi, yana kuka a barandar asibiti, nas-nas na wucewa suna kallo.

"Zan daɗe kafin in shiga, Sa'a."

"To sai me? Na iya jira, na ƙware. Amma ranar Lahadi ka zo ka gai da Baba. Ka zo da ƙafarka, ban da tarho."

Ya zo. Ya yi ta zuwa. Bayan shekara biyu ya shiga makarantar likitan, yana aji uku a bayanta, tana tsokanarsa wai yanzu shi ne mai kwafa. Hajiya Mariya da kanta ta bugo daga Kaduna ta nemi Inna, ta ce, "Hasiya, ki yafe mini, bakina ya yi mini yawa." Inna ta ce ya wuce. Aka ɗaura aure a 1978, a falon nan na Flatbush, mutane har kan matakala.

To, 'yan mata da samari, ku buɗe kunne. In hanya doguwa ce, kada ku ƙarar da ƙarfin iyayenku a zangon farko don a ce kun shiga wurin manya. Abu mai araha ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne a tsiyata gida don burge maƙwabta. Wanda ke sonki na gaskiya kuma, ko fushi ya kai shi nesa zai dawo, kuma gara ya dawo ya tarar da ke tsaye da ƙafafunki.