Kofi Shida a Rana

Wani yaro ne ɗan aji biyar. Tun yana ƙarami ƙashin bayansa ya ɗan karkace, kuma yana girma karkatar tana ƙaruwa. Da likitoci suka duba shi, sai suka ce dole a yi masa aiki. Ranar Litinin aka yi aikin, aka kuma gama lafiya.

Da ya farka, likita ya zo bakin gadonsa ya ce, "Sannu, jarumi. Kwana bakwai za ka yi a kwance, ba tashi, ba zama. Rana ta takwas, in jiki ya yarda, za mu tsayar da kai."

Mama tana gida da jaririya, ba ta da halin zaman asibiti. Saboda haka Baba ne ya zo jinya. Baba kafinta ne. Ya rufe shagonsa, ya zo da 'yar jakarsa, ya zauna a kujerar roba kusa da gado.

Aikin jinya ba kaɗan ba ne. Duk bayan awa biyu sai an juya yaron, kafaɗa da ƙugu lokaci ɗaya, don kada bayan ya murɗe. Sista, wato babbar nas ta ɗakin yara, ita ta koya wa Baba yadda ake yi.

"Kada ka ji tsoro, yarona," in ji Baba. "Na ɗauki katakon da ya fi ka nauyi, ban taɓa yar da ko ɗaya ba."

Baba ne ke goge masa jiki. A ƙarƙashin gado akwai bokitin ruwa da yake tsoma tawul a ciki. Baba ne ke ba shi abinci a baki. Kuma da yake ba ya iya zuwa ban ɗaki, Baba ne ke jan labule ya sa masa fo, ya ɗauka ya kai ya wanke.

Sista ta kafa doka. "Kofi shida na ruwa a rana, kada a rage ko ɗaya. Duk kofin da ya sha, ka ja layi a takardar nan."

Takardar tana rataye a ƙarshen gado. Baba ya ciro fensirinsa na aiki daga bayan kunne ya ce, "An gama, Sista."

Ranar Laraba da yamma Malama ta zo dubiya da yara huɗu 'yan ajinsu. Sun kawo masa takarda babba, kowa a aji ya rubuta masa gaisuwa. Yaron ya ji daɗi ƙwarai. Suna ta ba shi labarin makaranta yana dariya a hankali, don dariya mai ƙarfi tana taɓa masa ɗinki.

Ana cikin haka sai fitsari ya matse shi. Ya daure, ya ƙara daurewa, har ya kasa. Ya yafito Baba, ya raɗa masa a kunne.

Baba ya ce, "Malama, ku ɗan ba mu minti biyu." Ya ja labule.

Da ya gama, Baba ya fito riƙe da fo, ya rufe shi da tsumma. Sai wani yaro, wanda suke zama benci ɗaya a aji, ya toshe hanci ya ce, "Ashe har yanzu a fo kake yi, kamar ƙanwata?"

Sauran suka tuntsire da dariya.

"Kama bakinka," in ji Malama. "Haka aka koya maka dubiya?"

Yaran suka daina dariya. Amma magana ta riga ta fita. Yaron ya ji kamar gadon ya tsage ya shige ciki. Ya bi Baba da ido, ya ga yana tafiya da fo a hannu a gaban kowa, yana gaisa da mutane kamar ba komai. Har baƙin suka tafi bai ƙara cewa uffan ba.

Washegari yaron ya yanke shawara a ransa. In bai sha ruwa ba, ai ba zai yi fitsari ba. In bai yi ba, Baba ba zai riƙa yawo da fo ba.

Da Baba ya kawo kofin farko, sai ya ce, "Baba, ajiye a nan kusa da hannuna. Zan sha a hankali."

Baba ya ajiye, ya tafi wanke kwanuka. Yaron ya leƙa hagu da dama. Ya sauke hannu a gefen gado, ya juye ruwan a cikin bokiti.

Baba ya dawo ya ga kofi wayam. "Madalla. Har ka shanye?"

"Na shanye."

Baba ya ciro fensiri ya ja layi. Yaron ya kau da kai.

Haka ya yi ta yi. In Baba na zaune, sai ya kurɓi kaɗan ya ce ya ƙoshi tukuna. In Baba ya tafi karɓo magani ko shanya tawul, sai ruwa ya tafi bokiti. Ranar, layi shida Baba ya ja. Washegari ma shida.

Dabarar ta yi aiki. Sau ɗaya ko biyu kawai ake jan labule a yini. Amma leɓunansa suka bushe suka tsage. Kansa ya soma sarawa. Ranar Asabar da hantsi jikinsa ya ɗauki zafi, ga rawar sanyi.

Sista ta zo ta auna shi. Ta duba harshensa. Ta ɗauki takarda ta karanta, ta sake karantawa. Sannan ta dubi Baba.

"Baba, shekaranjiya kofi shida ka rubuta. Jiya ma shida. Ina ruwan ya tafi?"

"Ya sha, Sista."

"Yaron da ya sha kofi goma sha biyu ba ya bushewa haka. Dubi bakinsa. Da idonka ka ga ya sha?"

Baba ya ce, "Ni dai ina ganin kofi ba komai."

"Ko dai layi kake ja don ka huta?"

Gado takwas ne a ɗakin, kowane da mai jinya, kuma duk sun juyo suna kallo.

Sista ta ce, "Shekara ashirin ina wannan aiki. Na ga masu cika takarda ba su cika cikin yaro ba. In jinyar ta fi ƙarfinka, a kawo wani. Anjima likita zai zagayo, zan gaya masa a canza mai jinya."

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Ki yi haƙuri, Sista."

Yaron ya rufe ido kamar mai barci. Yana jin komai. Ya ji wata mata a gadon kusa tana cewa ƙasa-ƙasa, "Jinya ai sai mata. Namiji ina ya iya?" Ya ji wata ta amsa, "Ga shi dattijo, ba za ka ce zai yi ƙarya ba."

Aka ɗaura masa ƙarin ruwa a hannu. Allurar ta yi zafi, amma bai ko motsa ba. Abin da ke cin ransa ya fi allura.

Da Sista ta tafi, Baba ya zauna. Bai kalli kowa ba. Ya cire fensirin daga bayan kunne ya sa a aljihu. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Yaron ya buɗe ido kaɗan. Bai taɓa ganin Baba haka ba. A unguwa, in Baba ya ce tebur zai fito ranar kaza, to ranar zai fito. Kowa ya san shi da magana ɗaya. Yau ga shi an kira shi maƙaryaci a gaban mutane, ya kuma kasa kare kansa.

Baba ya ga idonsa biyu, sai ya matso. "Sannu, yarona. Ka yafe mini, ban kula da kai yadda ya kamata ba. Wataƙila gobe gwaggonka ce za ta zo ta karɓe ni."

"Ba na son Gwaggo. Kai nake so."

"Ba ni ke da iko ba."

Baba ya sunkuya ya jawo bokiti don ya jiƙa tawul ya sa masa a goshi. Yaron ya ga bokitin, sai hawaye suka zubo masa har cikin kunne.

"Baba."

"Na'am. Bayan ne?"

"A'a. Ruwan... a nan yake. Ban sha ba. A bokiti nake juyewa in ka fita."

Baba ya tsaya da tawul a hannu. Ya dubi bokitin, ya dubi ɗansa.

"Duka?"

"Kusan duka."

"Shi ya sa bokitin nan ba ya raguwa," in ji Baba a hankali. "Ni ina ta mamaki." Ya matse tawul ya ɗora masa a goshi. Sannan ya ce, "Me ya sa?"

Yaron ya kasa haɗa ido da shi. "Don kada in yi fitsari. Ba na so kana ɗaukar fo ana kallonka. 'Yan ajinmu sun yi dariya. Kunya nake ji, Baba."

Baba ya ja kujera har ta taɓa gado.

"Saurara. Kana wata uku a duniya ka ɓata mini sabuwar riga, ina shirin fita. Ban kai ƙararka ko'ina ba. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai ɗana ne, kuma ba ka da lafiya. Ina abin kunya a nan?"

Yaron ya ɗago ido ya dubi Baba.

"Wata rana zan tsufa. In na kwanta na kasa tashi, za ka ɗauke mini?"

"Zan ɗauka."

"Za ka so in ƙi shan ruwa don kada in wahalar da kai?"

"A'a."

"To ka gani."

Yaron ya share ido da hannun da ba allura. "Ka yafe mini, Baba. Na sa an ce maka maƙaryaci."

"Na yafe. Amma Sista fa ba ta sani ba. In gaya mata, ko za ka gaya mata?"

Yaron ya tuna da idanun mutanen ɗakin. Sannan ya ce, "Ni zan faɗa."

Da Sista ta dawo duba ƙarin ruwan, ya kira ta. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Sista, Babana bai yi ƙarya ba. Ni na yi."

"Me ka ce? Ɗaga murya."

Ya ɗaga. Ya faɗi komai, tun daga dariyar 'yan aji har zuwa bokiti. Duk ɗakin suka ji. Fuskarsa ta yi zafi fiye da zazzaɓin.

Sista ta daɗe tana kallonsa. "Ka san abin da ka kusa jawo wa kanka? Ƙodarka ce za ta sha wahala. Kuma tsayuwar da kake jira ta ja baya, sai zazzaɓi ya sauka."

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Sai ta juya wajen Baba. Ta yi magana yadda kowa zai ji. "Baba, a gaban mutane na zarge ka, a gabansu zan ba ka haƙuri. Na yi gaggawa."

"Ba komai, Sista. Ni ma na ja layi a kan abin da ban gani ba. Daga yau sai na ga maƙogwaro ya motsa."

Mutane suka yi dariya. Matar gadon kusa ta sunkuyar da kai tana gyara zanin gado.

Baba ya cika kofi, ya sa bututun roba, ya tallafi kan ɗansa. Yaron ya sha har ƙasa. Bayan awa ɗaya ya ce, "Baba, ja labule." Wannan karon bai yi raɗa ba.

Kwana uku aka ƙara masa a kwance saboda abin da ya yi. Bai yi ƙorafi ba, don ya san shi ya jawo.

Ranar da aka tsayar da shi, likita ya riƙe hannu ɗaya, Baba ya riƙe ɗaya. Jiri ya ɗebe shi, ƙafafunsa suka yi rawa, amma ya tsaya. Bayansa a miƙe. Ya dubi gefe, sai ya ga kansa ya kai kafaɗar Baba.

"Likita," in ji Baba, "yaro na kawo muku, kun mayar mini da saurayi."

Yaron ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ya yi na uku, sannan ya jingina da ƙirjin babansa yana murmushi.

Tun daga ranar ya gane cewa rashin lafiya ba abin kunya ba ne, kuma karɓar taimakon iyaye ba abin kunya ba ne. Ƙarya ce abin kunya, domin tana cutar da mai yin ta, tana kuma shafa wa wanda bai ji ba bai gani ba.