Takarda ta Sittin da Ɗaya

"Lahiya lau, ɗiyata! Lahiya ƙalau! Sai godiya!"

Safinatu ce a tsakar gidansu a Bodinga, ta ranƙwafa ta dogara da muciya kamar sanda, tana tari irin na tsofaffi. Ummanta ta ajiye rariya tana dariya har da hawaye.

"Ke Rediyo, Allah shi shirye ki!"

Rediyo sunan da aka laƙaba mata ne tun tana firamare, domin duk abin da kunnenta ya ji da safe, bakinta zai maimaita shi kafin magariba, da murya da tafiya da komai.

"Umma, wallahi ba abin dariya ba na," ta ce, ta yar da muciyar. "Mata sittin nit tambaya tsakanin Mandera da Horo Birni, dukkansu lahiya lau. Wata ko tashi ba ta iyawa, amma lahiya lau! Kwamfuta ta ce duk duniya ba masu lahiya irin namu. Gobe Dakta kashe ni za ta yi."

Wata huɗu ke nan da ta samu aikin, na farko tun da ta gama karatun kiwon lafiya. Mataimakiya ce a wani bincike kan yadda tsofaffin mata ke rayuwa da jikinsu: barcinsu, ciwonsu, zirga-zirgarsu, walwalarsu. Kullum tana bin gidaje da jaka cike da takardun tambayoyi, kowace takarda da lambarta.

Dakta Sa'adatu, shugabar binciken, ba ta kashe ta ba. Ta sauko da tabarau kan hancinta, ta daɗe tana juya takardun.

"Kin kawo su yadda suke, ba ki gyara ba. Wannan ya yi kyau. Sabon mai bincike, in sakamako ya ba shi kunya, ya kawo shi haka nan. Amma gaisuwa kika yi, Safinatu, ba tambaya ba. Wa kika taɓa ce wa yaya lafiya ya ce miki babu? Ki tambayi abin da mutum yake yi da jikinsa. Yaushe rabonki da sallah a tsaye? Yaushe rabonki da zuwa biki? Sai ki yi shiru ki jira." Ta ɗaga yatsa. "Abu na biyu. Na ji labarin sunanki. A wannan aikin, rediyo kamawa take yi, ba ta watsawa. Abin da aka faɗa miki lamba gare shi, ba suna ba."

Safinatu ta ce to. Tana fita ta sauko da tabarau na ƙarya kan hancinta, ta kwaikwaya wa direban ofis Dakta sak, har ya kusa manta makulli.

Ranar Talata aka tura ta Shagari. Kwamfuta ce ke zaɓen gidaje, kuma sai da ta tsaya a gaban wani ƙyaure mai shuɗin fenti sannan ta gane inda take. Gidan su Maniru ne. Maniru tela, mai shago a kasuwar Shagari, wanda saura sati uku a kawo lefenta, wanda da hannunsa yake ɗinka mata kayan fitar biki. Takarda ta sittin da ɗaya ta mahaifiyarsa ce, Inna Asabe.

Inna Asabe kuwa ba ta taɓa taka ƙafa Bodinga ba. Ranar da mata suka zo ganin gida ba ta zo ba, ta kuma ce ko ranar buɗar kai ba za ta fito tsakar gida ba. Mutane suka ce ba ta son suruka 'yar boko. Maganar ta daɗe tana ci wa Safinatu rai.

Ya kamata ta juya ta kira Dakta. Ta san haka. Amma sai ga Zulaihatu, yayar Maniru, ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Au! Amarya da kanta? Shigo mana, ko gidan bai kai ba?"

Haka ta shiga, kanta a ƙasa, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna, kunya kamar ta nutse. Ɗakin yana ƙamshin turaren wuta mai ƙarfi, har yana shaƙe mutum. Ta yi bayanin aikin, ta ce ba mai jin abin da aka faɗa mata, kuma in Inna ba ta so, ba dole.

"Tambayi, ɗiyata. Ni dai lahiya lau."

Safinatu ta sauya tambayar. "Inna... yaushe rabonki da zuwa bukki?"

Shiru. Rediyo ta ciji leɓe ta jira, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Tsohuwar ta dubi ƙofa.

"Sakaya labulen." Da ta sakaya, Inna ta ce, "Kin ce ba mai ji?"

"Ba mai ji, Inna."

"Ko Maniru?"

"Ko Maniru."

"Shekara ukku," Inna ta ce. Haihuwa tara ta yi. Yanzu in ta yi tari, ko dariya, ko ta sunkuya ruku'u, fitsari sai ya zubo mata. Sau biyar, sau shida take sake alwala, tana sake zane. Ranar ƙarshe da ta je suna, ta tashi ta ga tabarmar mutane ta jiƙe, ta zauna a kai har kowa ya watse. Turaren nan ba don ado ba ne. "Sunka ce ba ni son ki. Ƙaƙa zan zamna gaban dangin amarya in tashi in bar shaida? Shekara ukku kowa na ce mini ina lahiya, ba wanda yat tambaye ni."

Safinatu ta rubuta abin da ya kamata. Ta ce wa Inna wannan lalura ce da ake dubawa a asibiti, mata da yawa suna samun sauƙi. Ta cika mata 'yar takardar da aikinsu ke bayarwa don ganin likita. Inna ta karɓa ta cusa ƙarƙashin darduma.

Da ta ɗaga labule ta fito, Zulaihatu na tsaye. Ta leƙa ta ga uwarta na share hawaye da gefen mayafi, ta juyo ta bi Safinatu da kallo har zaure.

Bayan la'asar Maniru ya iso Bodinga a kan babur, awon ɗinki na rataye a wuyansa, ko cire shi bai tuna ba.

"Safina, mi kic ce ma Inna?"

"Tambayoyin aiki na, Maniru."

"Tambayoyin aiki ka sa tsohuwa kuka? Ta ƙi cin abinci. Yaya Zulai ta ce gori kika yi mata don ba ta zo gidanku ba."

"Wallahi ban yi ba!"

"To mi tac ce miki?"

"Ba ni iya hwaɗi."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ke? Ke da kika yi mini ladanin unguwarmu, kika yi mini tafiyar Dakta, kika yi mini ni kaina? Yau Rediyo ta rasa batir? Uwata ta hwa, Safina! In ciwo na, ni zan kai ta asibiti."

"Ka tambaye ta da kanka. A hankali, ba da—"

"Na tambaya! Ta ce lahiya lau!"

Jimla ɗaya ce. Jimla ɗaya tak, da ya san uwarsa ba ta ƙi ta ba, da ya san ba ta yi gori ba. Tana jin kalmomin a kan harshenta, har da muryar da za ta faɗe su. Sai ta tuna yadda tsohuwar ta dubi ƙofa kafin ta ce ko Maniru.

"Ka yi haƙuri," ta ce.

Ya tayar da babur. "Yaya Zulai ta ce in ba ki hwaɗi ba, lefe ba shi zuwa. Ni kuma ban da bakin da zan kare ki da shi."

Da ta shiga gida, Umma ta riga ta ji komai ta bayan katanga. "Ke Safinatu, aikin wata huɗu za ki ba aurenki? Raɗa mini ni, ni uwarki ta, in san yadda zan gyara."

"Umma, ko ke." Ta faɗi kan tabarma ta fashe da kuka.

Washegari ta je ta faɗa wa Dakta ta yi wa surukarta tambayoyi, ba ta faɗi amsar ba. Dakta ta cire tabarau gaba ɗaya.

"Kuskure kika yi. Ba a yi wa dangi tambaya, da kin kira ni na tura wata. Kawo takardar in kulle, ba za mu sa ta a lissafi ba." Ta ja durowa ta murza makulli. "Amma alkawarin yana nan. Ni ma a shekarata ta farko kawuna ya daina gaishe ni kan irin wannan. Ki sani, ranar da mace ɗaya a Shagari ta ji kin faɗa, daga nan har ki yi ritaya lafiya lau za ki riƙa tarawa. Kin ba ta takardar asibiti?"

"Na ba ta."

"To kin yi naki. Saura nata."

Sati ya wuce, na biyu ya wuce, aka shiga na uku. Wayar Maniru ba ta shigo ba. Ranar lefe ta zo ta wuce, Umma ta share ɗaki ta shimfiɗa tabarmi don kada a ce ba su shirya ba, da yamma ta naɗe su. Maƙwabta suka fara shigowa aron rariyar da suke da ita a gida. Gidan ya yi tsit, ba tsohuwa mai muciya, ba Dakta mai tabarau. Sau uku Safinatu tana zaune a inuwar bishiyar bedi lokacin hutun aiki tana rubuta wa Maniru saƙo, "Inna tana fama da—", sau uku tana gogewa. Aikin kuwa ya buɗe. A Sifawa da Mandera mata suna sakaya labule suna faɗa mata abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba, ita kuma kowace amsa tana ƙara mata nauyi.

Ranar wata Asabar da hantsi, tana tsince shinkafa, ta ji mota ta tsaya, ta ji sallama. Zulaihatu ce ta fara shigowa, idonta a ƙasa. Bayanta wata tsohuwa cikin farin mayafi, tana takawa a hankali. Faranti ya suɓuce daga hannun Safinatu.

Inna Asabe ta zauna kan tabarma, tabarmar mutane, ta gaisa da Umma yadda ya kamata, sannan ta ce:

"Ɓoye mini sunka yi. Nic ce ina lefe, sunka ce an ɗaga. Nic ce don mi, sai wagga ta ce don yarinyar ta ƙi hwaɗin abin da munka yi a ɗaki. Nic ce ta ƙi? Har da aurenta a kai, ta ƙi?" Ta girgiza kai. "Nan nij jawo takardar nan ƙarƙashin darduma, nig gaya ma Zulai da bakina. Ita ta kai ni asibiti. Sun ba ni magani, sun koya mini abin da zan riƙa yi. Ban warke ba duka, amma ga ni Bodinga."

Zulaihatu ta share ido. "Ki yahe mini, Safinatu. Shekara ukku ina tare da Inna kullum, ban lura ba."

"Maniru bai sani ba har yau," Inna ta ƙara, "kuma ba shi sani. Na ce mishi maganar mata ta. Yana waje yana zufa kamar an kama shi da yadin mutane." Ta juyo ta dubi Safinatu, da ramammiyar fuskarta da kumburarrun idanu. "Ɗiyata, ina lahiya?"

"Lahiya lau, Inna."

"Ƙarya kike. Yaushe rabonki da dariya?"

Safinatu ta buɗe baki, dariya da kuka suka fito tare, ta kifa kanta a cinyar tsohuwar.

A zaure ta tarar da Maniru yana murza hula. "Safina, ni... wato... ka san... kin san..."

Ta rataya mayafinta a wuya kamar awon ɗinki, ta haɗe gira, ta kumbura murya: "Yau Rediyo ta rasa batir?"

"Na tuba! Wallahi na tuba. Amma dai... ba wani abu mai tsanani ba na ko?"

"Ka tambayi Inna."

Lefe ya zo ranar Laraba. Ranar buɗar kai Inna Asabe ta zauna a tsakar gida tsakiyar mata, tun azahar har aka watse.

Duk mai shiga wannan aiki, ya riƙe abin da Safinatu ta koya da hawaye. Ka iya tambaya, ka iya shiru, ka kai kuskurenka gaban na gaba da kai tun da wuri. Abin da mutum ya faɗa maka bayan labule amana ce, ba ta zama taka don ka matsu. Wanda ya yi haƙuri ya riƙe ta, Allah ba ya barin sa ya kunyata.