Tabarma a Hancin Mota

A lokacin da Yauri take cikin Jihar Sakkwato, akwai wata yarinya a Warra wadda ta zo ta ɗaya a saƙar tabarma a makarantarsu. Ranar nan ko abinci ba ta iya ci ba don murna.

Babanta, Cindo direba, yana jan babbar mota mai injin tarbo, irin mai ƙarfin nan. Washegari zai kai ɗanyen kifin masunta kasuwar Yelwa, ya ce ta raka shi.

Yana can baya yana lodi, ita kuwa ta lallaɓa ta ɗaure tabarmarta a gaban motar. So take duk garin da suka ratsa a ga aikinta. Cindo bai zagaya ba, ya shiga ya ta da mota.

Da suka kama hawan tudu, sai injin ya fara nishi. Allurar zafi ta haura ja, tururi ya taso. Ga rana, ga kifin mutane a baya.

Cindo ya gangara gefen hanya. Bai kashe injin ba, ya bar shi yana juyawa a hankali. Da ya leƙa gaba, sai ya tsaya cak.

"Wa ya ɗaura wagga tabarma?"

Ta sauko. "Ni ce, Baba. Kwalliya na yi mata."

"Ɗiyata, ta nan mota ka shan iska. Kin toshe mata hanci, ga kaya, ga hawa."

Ta kwance tabarmar da sauri, ta kai hannu ga murfin lagireto. Ya riƙe ta. "Kul. Ruwan ciki na tafasa, sai shi huce."

Ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗauki jarka ta ruga wani rafi da ke kusa, ta dawo da ruwa a ka. Da injin ya huce suka zuba, suka hau tudun sannu a hankali.

Sun isa Yelwa kifi bai lalace ba. Cindo ya shimfiɗa tabarmar a kujerarsa, yana kiran direbobi su gani.

"Ɗiyata ta saƙa ta. Kuma da ta yi kuskure, da bakinta ta faɗi."

Daɗi ya kama ta fiye da na ranar makaranta. Tun daga nan ta koyi tambaya kafin ta taɓa abin da ba ta sani ba.