Askin Mai Sanƙo

Kafinta dai bai ƙarasa ƙofar da ya fara ba. Da hantsi maƙwabcinsa mai walda ya leƙa aron guduma, ya tarar da shi kife cikin garin katako, rediyo na ta zuba surutu shi kaɗai.

Kafin Sufeto ya iso, unguwa ta gama bincike, ta yanke hukunci, rataya kawai ta rage.

"Matarsa ce, yallaɓai!" in ji yayan mamacin, jijiyar wuya a miƙe. "An daɗe ba sa kwana ɗaki ɗaya. Guba ta ba shi!"

"Kai kake musu shimfiɗa?" in ji Sufeto.



Sufeto ya durƙusa. A hannun gawar akwai 'yar kwalbar maganin ciwon ƙirji, irin ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe. A can ƙasan akwatin ƙusa kuma, an naɗe wata kwalbar cikin tsumma, ba suna ba takarda, abin ciki mai kauri kamar zuma.

Aka tafi da matar caji ofis, don dangin miji har sun fara tattara hannun riga. In ba a samu wani ba, ita za a kai kotu da laifin kisa.

"Yaya zamanku?" Sufeto ya tambaye ta.

"Lafiya lau."

"Wannan kwalbar fa?"

"Ban taɓa ganin ta ba." Ko kallon teburin ba ta yi ba.

"Baiwar Allah, wanda kike rufa wa asiri ya riga ya tafi. Ke ce a gaban igiya."

Sai ta fara magana.

"Ba faɗa muka yi ba. Shi ya kwashe filonsa ya koma falo. Tun da suga ya kama shi, abin ya daina amsa masa. Na ce ya gaya wa likitan da ke duba zuciyarsa, ya ce gara ƙasa ta haɗiye shi. Na ce ni ban yi ƙorafi ba, ya ce tausayinsa nake ji. Kwalbar na taɓa ganin ta a aljihunsa. Inda ya samo, wallahi ban sani ba."

A asibiti, likitar da ta duba gawar ta ɗaga kwalbar a hasken taga.

"Zuma ce da garin citta. Amma an daka ƙwayar ƙarfin maza an zuba, ba awo. Ita kanta magani ce mai kyau in likita ya rubuta. Sai dai tana buɗe jijiyoyin jini, ta ƙarƙashin harshen ma haka. In suka haɗu, jini ya faɗi warwas. Ya sha wannan, ƙirji ya riƙe shi, ya jefa waccan don ya tsira."

"To da ya zo ya faɗa fa?" in ji Sufeto.

"Da yana nan yana buga ƙusarsa. Jijiyoyin gaban namiji sun fi na zuciya sirantaka, su ke fara toshewa. Sau da yawa gargaɗi ne jiki yake yi. Suga, hawan jini, taba, fargaba, har wasu magungunan, duk suna jawo shi. Kusan kowanne da hanyar gyaransa, har ga mai ciwon zuciya."

"Fargaba ma?"

Kofur ɗin da ke rakiyar Sufeto ya yi gyaran murya. "Oga, wannan tambayar ta fayil ce ko ta gida?"

"Za ka kwana a geti, Kofur."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta juya wuyan rigar mamacin. Ga guntayen gashi baƙi wuluk sun maƙale a ciki. Kan mutumin kuwa kamar ƙwai, ko gemu ba shi da shi.

Mai walda ya sosa ƙeya da aka tambaye shi. "Kwanan nan kam, kullum yana shagon Sumul mai aski. Har tsiya nake masa, na ce me ake aske maka, tunani?"

Sufeto ya cire kaki ya sa farar riga. Shagon Sumul a cike, bencin jira duk magidanta, rabinsu ba su da abin askewa, kowa ya kafa wa wayarsa ido. Da layi ya zo kansa, Sumul ya yafa masa tawul, ya shafe masa haɓa da kumfa, ya wasa aska.

"Maigida," Sufeto ya yi ƙasa da murya, "gida ba lafiya. Janareto ya ƙi tashi."

Sumul ya yi murmushi a madubi. "Ka zo garejin da ya dace, babban yaya. Cokali ɗaya, madam da kanta za ta aiko min da tukuici."

"Ina shan maganin zuciya fa."

"Ba ruwansa! Tsantsar itatuwa ne. Likitoci tsorata mutane kawai suka iya."

Ya zaro kwalba daga bayan madubi ya cusa masa ƙarƙashin tawul. Askar ta sauka a maƙogwaron Sufeto, sanyi ƙalau.

"Haka ka ce wa kafinta?"

Askar ta tsaya cak.

"Wane kafinta? Ban san shi ba."

"Mai sanƙo. Tawul ɗin nan ka yafa masa, don a ce aski ya zo."

Ba wanda ya motsa. Fanka kaɗai ke juyawa. Sufeto yana jin bugun jijiyarsa a kan bakin ƙarfen.

"Matarsa na tsare a bayan kanta saboda kai," in ji Sufeto, a hankali, don kada maƙogwaro ya motsa. "Kofur na bakin ƙofa. Gawa ɗaya gare ka yanzu. Kana son ƙari?"

Askar ta faɗi ƙasa.

"Taimakonsa na yi!" in ji Sumul. "Kuka ya yi min a kujerar nan. Da na ce masa ƙwaya ce, ba zai sha ba, shi ya sa na ce itace ne. Da ya ce bai ga canji ba, na ninka masa. Kowa yana sha, ba abin da ya same su!"

"Tukuna," in ji Sufeto.

Kofur ya ɗaura masa ankwa. Sufeto ya buga waya ofis, ya ce a saki matar, a kai ta gida a motar 'yan sanda, a sauke ta a gaban dangin mijin. Sannan ya juyo ga benci, rabin fuska kumfa.

"Ban ga kowa ba, ban san sunan kowa ba. Amma mai irin kwalbar nan, likita ya fi mai wankan gawa riƙe sirri."

Aka tasa ƙeyar Sumul zuwa mota. Sufeto na bakin ƙofa ya ji ƙarar kwalba an ajiye ta a kan benci a bayansa. Sai wata. Sai wata kuma.

Bai waiwaya ba.