Burbushin Gashi a Mariƙin Ƙofa

Sufeto na zaune shi kaɗai a ofis, shayinsa ya huce a gabansa, sai Saje ya leƙo ya ce an tsinci gawar wani direban babbar mota a banɗakin gidansa. Matar direban ce ta bugo waya, wai santsi ne ya kwashe shi.

Sufeto ya ɗauki hularsa suka fita. Mutum ne da furfura ta fara cin gefen kansa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watsu garuruwa, sai gaisuwar waya in sun tuna. A duk faɗin garin wuri ɗaya ne ake yi masa sannu da zuwa har zuci, shagon Mai Aski da ke bayan ofishinsu. Can yake yada zango in ya tashi aiki, da aski ko babu aski. Mai Aski dattijo ne mai son sani, shi kuwa Sufeto wanda ba shi da mai sauraro a gida, da ya samu kunne sai ya saki baki, ya yi ta ba shi labarin aiki da kalmomin masu binciken kimiyya, kamar malamin da aka ba ɗalibi ɗaya tak.

Gidan direban ɗaki ne da falo a bene na biyu. Gawar na kife a banɗaki, ƙasa jiƙe da ruwa, rauni a ƙeya. Likitan 'yan sanda ya ɗaga rigar mamacin ya nuna bayansa, wanda ya yi duhu tun daga kafaɗa har ƙugu.

"Kwanciyar jini," in ji Likita.

"Wace ce kuma kwanciyar jini, Yallaɓai?" Saje ya tambaya.

Sufeto ya ce, "In zuciya ta tsaya, jini gangarawa yake yi ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, kamar laka a gindin bokiti. In ya jima a nan, ya zauna ke nan. Wannan bawan Allah ya daɗe kwance rigingine, ga shi kuma mun same shi a kife."

"Ko juyawa ya yi?"

"Gawa ce, Saje, ba mai barci ba. Juya shi aka yi. Ka killace wurin, kada kowa ya taɓa komai kafin 'yan ɗakin gwaji su iso."

Matar mamacin na tsugune a lungun falo. Yarinya ce siririya, ta lafta hoda a ƙasan idonta na hagu, amma kumburi ya fi ƙarfin hoda.

"Ina kika kwana jiya, 'yata?"

"Gidan gwaggona, Yallaɓai. Da safe na dawo na same shi haka."

"Idon fa?"

"Ƙofa ce ta buge ni."

Sufeto ya dubi ɗan zagayen shatin da ke kan kumburin, ya tuna zoben da ya gani a yatsan mamacin. "Ƙofar nan taku tana sa zobe ke nan," in ji shi a hankali. Ta sunkuyar da kai.

Maƙwabciyarsu, wata uwar mata mai kaurin murya, ta rantse ita ba ta ji komai ba. Sufeto bai musa mata ba. Ya aiki Saje falon mamacin ya ce ya yi tari sau ɗaya. Tarin ya ratso bango ya shigo ɗakinta tamkar a kunnenta aka yi shi.

"To, Baba?"

Ta ja tsaki, ta gyara zama. "Ni ba na son shiga sharo ba shanu. Amma dukanta yake yi, kullum ya dawo daga tafiya sai ya jibge ta. Jiya da yamma ta fita a guje, baki na jini. Can sai wani dattijo ya hawo. Ta baya na gan shi, da farin ƙyalle a kafaɗa. Na ji hayaniya, na ji ƙarar faɗuwa, sai tsit. Ban ji ya sauka ba. Da asuba dai na ji ana ta zubar da ruwa."

Washegari Sufeto ya je ɗakin gwaje-gwaje. Jami'ar da ke kula da wurin mace ce mai tabarau, wadda ba ta ɓata magana. Ta ce sun barbaɗa hodar ɗaukar zanen yatsa a mariƙin ƙofa, da tebur, da kan famfo, ba su samu ko ɗaya ba.

"Ko na mai gidan?"

"Ko nasa, Yallaɓai. Gidan da mutum ke ci yana kwana ba ya rasa zanen yatsansa, sai in goge shi aka yi. An goge kuwa, da sifirit. Amma zo ka ga abin da mai gogewar ya bar mana."

Ta sa shi ya leƙa na'urar ƙara girman abu. Wasu 'yan guntaye ya gani birjik, baƙaƙe da farare.

"Burbushin gashi ne, daga mariƙin ƙofa muka kwaso samfurin. Duba, kowanne a yanke yake sama da ƙasa. Kuma ba na kai ɗaya ba ne, akwai na tsoho, akwai na yaro."

"Gwajin ƙwayar halitta zai ba mu suna?"

"Da wuya. Sai gashi na da saiwa yake faɗin mai shi yadda muke so. Wannan alama ce kawai, ba ta kai hujja ba."

Sufeto ya san bambancin sarai. Alama hanya take nunawa, hujja ce ke tsayuwa gaban alƙali. Sai dai hanyar da wannan alamar ta nuna masa ita ce wadda yake bi kullum in ya tashi aiki. Shekaranjiya da yamma ya je shagon Mai Aski ya tarar da kwaɗo a ƙofa, abin da bai taɓa gani ba. Ya tsaya a bakin titi kamar wanda aka manta da shi a tasha, sannan ya koma gida ya ci abinci a tsaye.

Ya sake kiran matar mamacin. Tambaya ɗaya ya yi mata.

"Mahaifinki me yake yi?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. "Aski," ta ce, sai hawaye.

Mai Aski ya sha faɗa masa yana da 'ya ɗaya, tana aure a wancan gefen gari, tana nan lafiya. Bai taɓa ƙara komai a kan haka ba.

Sufeto ya koma ofis ya rufe ƙofa. Babu wanda ya haɗa zaren nan sai shi. Maƙwabciya baya ta gani, gashi ba shi da saiwa, mamacin kuwa ba wanda zai yi kukansa. Da zai bar binciken ya yi sanyi, a rufe shi a matsayin wanda ba a gano ba, ba mai tuhumarsa. Ya so ya yi hakan, ya so ƙwarai. Ba don adalci ba, shi ma ya sani, don tsoron komawa gidan nan ne da ba a cewa sannu da zuwa. Daga baya ya ce wa Saje ya kawo mota ya tsaya a kan kwanar layi, kada ya fito.

Shagon a buɗe yake, babu kowa sai mai shi yana shara.

"A'a, manyan gari! Ka yi wuyar gani, Yallaɓai."

"Kai ne ka yi wuyar gani, Maigida. Na zo shekaranjiya na tarar da kwaɗo."

"Zazzaɓi ne ya kayar da ni."

Sufeto ya hau kujera ya ce a rage masa gemu. Mai Aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya shafa kumfa, ya ciro farin tawul daga kafaɗarsa, ya ɗiga masa sifirit ya goge aska, ya mayar da tawul ɗin kafaɗa, duk ba tare da ya duba ba. Sufeto na kallonsa ta madubi.

"Ban yi maka gaisuwa ba. Ashe surukinka ne ya rasu."

Askar ta tsaya a ƙasan haɓarsa. "Haka ne. Santsi, aka ce."

"Ka je gidan?"

"Rabona da gidan an jima."

"Tawul ɗinka ya je, Maigida. Ya bar gashin rabin unguwar nan a mariƙin ƙofa. Ina jin har da nawa a ciki."

Fanka na ta juyawa a samansu. Sufeto na jin sanyin ƙarfe a maƙogwaronsa, bai motsa ba. Can Mai Aski ya janye askar, ya jingina da bango.

"Sabo turken wawa," ya ce, da 'yar dariyar da ta fi kuka ciwo. "Hannu ne ya kai kafaɗa da kansa. Kai ka gaya mini zanen yatsa ke kama mutum, sai na goge."

"Na gaya maka rabi, ka yi aiki da rabi. Me ya faru?"

"Nan ta shigo mini, Yallaɓai, leɓe a fashe. Shekara da shekaru ina ce mata ta yi haƙuri, ina ce maka tana lafiya, don kunya. Na kai ta gidan 'yar'uwata, na je in yi masa magana, magana kawai. Ya ce in ya ga dama har ni zai haɗa. Ya cakumi wuyan rigata, na ture shi, ƙeyarsa ta sami gefen tebur. Na zauna kusa da shi ina jiran ya tashi, har gari ya kusa wayewa. Sannan na ja shi banɗaki na zuba ruwa." Ya share fuska da hannun riga. "Yarinyar ba ruwanta. Ƙaryar da ta yi, don ni ta yi."

"Me ya hana ka zo wurina? Ina nan bayan katangar nan kullum."

"Kai ma me ya hana ka tambaye ni? Kullum kai ke magana, ni ina ji."

Maganar ta soki Sufeto, don gaskiya ce.

"Zauna daidai in ƙarasa maka," in ji Mai Aski. "Ba a fita da rabin gemu."

Ya ƙarasa askin a natse. Ya goge masa fuska, ya kashe fanka, ya rufe shago. Sufeto bai sa masa ankwa ba. Suka jera har kwanar layi kamar masu zuwa gaisuwa, Saje ya buɗe musu mota.

A ofis, da aka zo ɗaukar zanen yatsa, Sufeto ya ce wa ɗan sandan da ke kan kanta ya matsa. Shi da kansa ya riƙe hannun, ya dangwala yatsun a tawada ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta cewa wanda ake tuhuma ya amsa da bakinsa, kuma ture mamacin ya yi bayan an cakume shi.

"Ka riƙa leƙa mini yarinyar," in ji Mai Aski daga bakin ƙofar ɗakin da za a tsare shi. "Ba ta da kowa yanzu."

"Zan leƙa."

"Ka bar ta ta yi magana."

Aka ja ƙofar ƙarfe, aka murza makulli. Lokacin tashi ya yi, ma'aikata na ta fita bibbiyu suna hira. Sufeto ya sa hularsa ya fito bakin ƙofar ofis, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya daɗe a tsaye.